Doyar Kawu Kapalu

Shekarar da aka kafa mana tankin ruwa a bayan ɗaki, ita ce shekarar da doyar gidanmu ta kusa ƙarewa. Ni Lesbet ba zan ɓoye ba, tankin nan ina ƙaunarsa. Duk wanda ya ce zaman da ya fi daɗi, a tambaye shi ko ya taɓa hawo tudu da jarka a ka da tsohon ciki a gaba. Ni na hau, har wuyana ya nemi shigewa cikin ƙirji. Saboda haka ranar da mijina Nalau ya aiko da kuɗin tanki daga Ostireliya, inda yake tsinkar lemu a gonar wani Bature, rawa na taka a tsakar gida, 'yan matana biyu suna ta yi mini dariya.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. A ƙauyenmu na kan tudu a tsibirin Tanna, duk namijin da zai iya ɗaga buhu ya tafi. Su yi watanni a can, su dawo da manyan takalma da sabuwar waya, kafin ka gama yi musu sannu da zuwa sun fara haɗa kaya. Rufin ganye ya koma na kwano, fitilar sola ta shiga ɗakuna, an daina koro yara daga makaranta. Wanda zazzaɓi ya kama yanzu yana iya shiga mota zuwa asibitin Lenakel, ba sai an jira ya galabaita ba. Tukunya kuwa ta zama shinkafa da kifin gwangwani, yau da gobe da jibi, har ƙaramar 'yata ta fara yatsina fuska idan ta ga gwaza. Mu mata muna riƙe da gonakin rogo da gwaza da ayaba, su ba su da wuyar sha'ani. Gonakin doya ne suka koma daji, domin doya aikin maza ce, mazan kuma suna can suna tsinkar lemun wani.

Surukina Kapalu wan mahaifiyata ne, ɗansa na aura kamar yadda aka saba, don haka ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Kawu. A hannunsa na yi wayo, kuma har yau yana ba baƙi labarin yadda na jiƙa masa cinya a coci ina jaririya. Tsoho ne ɗan siriri mai gardamar tsiya. Gwiwoyinsa sun kumbura sun yi kamar ƙwallon kwakwa, amma idan ka ce masa yaya jiki, sai ya ce jikin wa.

Yana da wata doya da ya gada wajen kakansa, doguwa, fara tas, sai ɗan ja a wajen kai. Ba a kai ta kasuwa. Ita ake tarawa a biki, ita ake gogawa a gasa laplap, wato ƙullunta cikin ganye da madarar kwakwa, ranar da aka kawo amarya ko aka fito da yara daga kaciya, kuma duk wanda ya kai ta baki ya san daga gidan Kapalu ta fito. Matsalar doya ɗaya ce, ba ta ajiyuwa. Masara ka rataye ta a hayaƙi ta jira ka. Doya kuwa idan ta tsallake shekara guda ba ta shiga ƙasa ba, ta tafi ke nan, babu kasuwar da za ka je ka sayo irinta.

Gonar tana can sama da gari, kuma a wajenmu ƙasa suna take bi. Sunaye uku ne ke da hannu a wannan gonar: Kapalu, da Nalau, da Soarum. Soarum ƙanen Kawu ne. Ya tafi Vila, babban birninmu, aikin dako a bakin jirgin ruwa tun yana saurayi, a can ya rasu, ni ko saninsa ban yi ba. Tun daga lokacin sunan yake ajiye, ana jiran namijin da za a raɗa wa. Ni kuwa mata na haifa, kuma ban ba kowa haƙuri ba.

Da Nalau zai tafi ya yi wa mahaifinsa alkawarin dawowa kafin bishiyar bakin hanya ta yi jan furenta, domin furen nan shi ne ke cewa a sa doya a ƙasa. Bishiya ta yi fure, Nalau ya bugo waya. Wayarmu ba ta kamawa sai a bayan coci, kusa da kututturen mangwaro, nan za ka ga matan gari da yamma sun jeru, kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya tana faɗa da mijinta a hankali. Nalau ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi yara, ya tambayi kaji, ya tambayi tanki, sannan ya ce mai gonar yana so su ƙara watanni su tsinki inabi. Babbar 'yarmu ta ci jarrabawar sakandare, makarantar kwana ce, kuma ba da ayaba ake biyanta ba. Me zan ce? Na ce ya zauna, don ko ni ce zaman zan yi. Sai ya roƙe ni in faɗa wa Baba, wai shi ba zai iya ba. Na ce masa ai haka maza suke, ko a tsallaken teku sai sun sami macen da za su ɗora wa kaya.

Na sami Kawu a bakin ƙofarsa na faɗa masa. Sai ya tambaye ni inda yara suka kai masa dutsen wasa adda.

Sassabe da ƙona ciyawa mata suna yi, don haka ni da Selin, ƙanwar Nalau da ke aure a cikin gari, ita ma mijinta yana can, muka hau muka share wurin. Muka ƙone, muka kewaye shi da dangar kara saboda aladu. Amma da zarar an rufe danga, mace ba ta ƙara sa ƙafa a ciki sai doya ta tsira ta kama karan da za ta hau. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa damuwa ba, don aikin da ke waje ma ya ishe ni. Kawu ya fara hawa shi kaɗai da sassafe, dagi a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. Doyar nan rami take so mai zurfi, a fitar da ƙasar a murtsuke ta da hannu, a mayar, sannan a tara tuli a kai har ƙugun mutum. Abin da Nalau ke yi kafin rana ta take, Kawu yana kwanaki a kai.

Wata rana har rana ta karkata bai sauko ba. Na ɗora wa yara tukunya na hau. Na leƙa ta saman danga ban ga kowa ba, sai dagi a yashe. Na ƙwala kira, sai na ji muryarsa daga ƙasa. Ashe ya shiga ramin da ya haƙa zai kwashe ƙasa, gwiwoyin suka ƙi, ya zauna a ciki tun hantsi, furfurarsa kawai ake gani. Na ɗaga ƙafa zan tsallaka.

"Kada ki shigo," ya ce.

"Kawu, a rami fa kake."

"Na sani. Ai ni na haƙa shi."

Na yi roƙo, na yi faɗa, na ce idan ya mutu a nan ai ya hutar da mu haƙan kabari. Ya ce to, amma dai daga waje zan tsaya in yi kukan. Dole na koma gefen rafi na saro doguwar gora, na zuro ta ta saman danga, ya kama, na kafa ƙafa ina ja yana nishi. Da ƙyar ya fito, baƙi ƙirin da ƙasa kamar shi ne doyar, ya rarrafo har bakin danga. Goya shi na yi muka sauko, ba shi da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da muka hango rufin coci sai ya ce in sauke shi, da ƙafarsa zai shiga gari.

Labari ba ya kwana a ƙauyenmu. Washegari Miaki ya zo gaisuwa da ƙullin sukari. Miaki ɗan gari ne da bai tafi ko'ina ba, domin shi kava yake nomawa, saiwar da maza ke jiƙawa su sha da yamma, yana aikawa Vila, kuma yana da 'yan ƙwadago daga wani gari. Ya jajanta, ya ce tsoho kamar Kapalu bai kamata ya wahala ba, shi zai turo yaransa su tara tulin duka a yini guda, ba ya son ko sisi. Kawu ya yi masa godiya mai tsawo, ya yabi mahaifinsa, ya yabi kakansa, ya raka shi da addu'a, bai ce e ba. Da Miaki ya fita na ce masa wannan wane irin taurin kai ne, taimako ya zo har gida. Ya ce hannun da ya tara tuli a gonar nan bana, jikansa zai tashi a gaban dattawa wata rana ya ce kakansa ya noma wurin. Ya ce Miaki ya daɗe yana kallon tudun nan, kuma ba doya yake gani a kai ba. Sukarin dai ya sha.

Irin kuwa yana kan ragar da ke inuwar bayan ɗakinsa, bai san ana wata shawara ba. Tsiro ya fito, ya yi tsawo, ya fara laluben abin kamawa, doyar tana motsewa tana yamushewa don tsiron ne ke shanye ta. Wasu sun fara laushi a gindi. Kullum da safe Kawu zai dogara sanda ya je ya tsaya a kansu, ya juya wannan, ya shinshina wancan, ya ware wanda ya lalace ya ajiye gefe. Tarin gefen yana ƙaruwa. Ina kallonsa daga madafa, tausayi yana cina, ni kuma idan tausayi ya yi mini yawa faɗa yake komawa.

Wata rana na fito da wuƙa a hannu na ce tunda ba za a shuka ba, kuma ba za a bari a taimaka ba, to a ba ni in dafa wa yara kafin ta ruɓe. Na ce ba doya ce ta yi mana rufi ba, ba ita ta kawo tanki ba, ba ita za ta kai yarinya makaranta ba. Na faɗi maganganu da yawa, kuma duk gaskiya ne. Ya bari har na gaji.

"Lesbet," ya ce, "ban raina kwanon da ke kaina ba. Da ruwa ya zubo ina jin daɗinsa. Amma Baturen nan ba ɗan'uwanmu ba ne. Ranar da ya ce bayan ɗana ya sunkuya, ya nemi wani yaron, me Nalau zai dawo ya tarar?"

Na tuna shekarar babbar guguwa, da iska ta kwantar da ayaba da kwakwa da komai, jirgin agaji ya yi ta jan ƙafa, abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne kawai ya riƙe mu. Na koma madafa da wuƙata na zauna, na yi kukana a cikin hayaƙi don kada yara su gane.

Bayan kwana biyu ina gogar rogo sai na ga inuwa a ƙofar madafa. Kawu ne, mutumin da tun da aka kawo ni gidan bai taɓa leƙa wurin ba. Ya nemi kututture ya zauna, ya yi tari saboda hayaƙi, ya ce jan zakaran nan nawa yana nan? Na ce yana nan, kuma na Kirsimeti ne. Ya ce yana so. Ya ce kuma in tono masa saiwar kava babba daga bayan gida, don yau zai je dandalin maza da magana.

"Zan ba ki sunan ƙanena," ya ce. "Ki riƙe mana shi."

Dariya ta kuɓuce mini. Na ce Kawu rana ce ta buge ka a ramin nan? Da na ɗago na ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya. Ya ce ba shi ya fara ba. A zamanin kakanni idan gida ya ƙare da maza, mace ake ba sunan namiji ta riƙe, don kada suna ya mutu ƙasa ta tafi, har a sami yaron da za a miƙa wa. Ya ce ita kanta kakar Miaki ta riƙe suna, shi ya sa Miaki ba zai iya buɗe baki ba. Wadda ta riƙe sunan Soarum, gonar Soarum ba za ta ƙi ƙafarta ba.

Na tambaye shi ko gemu zai fito mini. Ya ce a'a. Na ce to zan riƙa zuwa dandali da yamma in miƙe ƙafa in sha kava, wani ya dafa mini abinci? Ya ce wannan kuma babu. Na ce wato wahalar maza kawai aka ba ni, daɗin an riƙe. Ya ce haka ne, ya yi murmushi. Ina ta zolaya ne don tsoro ya kama ni. Sunan nan shi ne abin da ya rage masa na ƙanensa, ya adana shi shekara da shekaru yana jiran jika namiji, yau ga shi ya kawo shi madafa. Na ce masa na karɓa, na fita na kama zakaran da kaina.

Mata ba sa zuwa dandali, don haka ban ga yadda aka yi ba. Selin ce ta riƙe shi har bakin hanyar, daga nan wani tsoho ya karɓe shi. Ta ce ta hango su daga nesa a gindin babbar bishiya, 'yan tsofaffi ne kawai, wurin da da ba ka samun inda za ka zauna. Dattawan dai sun yarda. Da safe na fito shara, Selin ta zo ta durƙusa har ƙasa a gabana ta ce, "Baffa, an tashi lafiya?" Na bi ta da tsintsiya. Kafin rana ta yi tsaka duk matan gari sun ɗauka, wannan ta ce in zo in duba mata rufi, waccan ta ce tana da ƙanwa idan ina neman aure.

Da yamma na je bayan coci na kira Nalau. Da na faɗa masa sai ya fashe da dariya, ya ce ashe shi baffansa ya aura bai sani ba. Muka yi dariyar tare. Can sai na ji dariyar tasa ta canja, yana jan hanci. Ya tambaye ni ko Baba yana fushi da shi. Na ce ba ya fushi, kewa ce kawai, kuma ya tsaya ya yi aikinsa da kyau, ya sa rigar sanyi. Ya ce in kula da bayana wajen ɗaga dagi, in durƙusa da gwiwa, kada in sunkuya. Na ce sannu da ƙoƙari, malamin noma na cikin waya.

Saura yadda za a kai Kawu sama, tunda ƙafa ta ƙi. Akwai baron da muka saya lokacin da ake zuba simintin gindin tanki. Muka shimfiɗa tabarma a ciki, muka ɗora tsohon da kwandon iri a cinyarsa, Selin ta ɗaura igiya tana ja ta gaba, ni ina turawa ta baya. Ya ce mu bi ta bayan gari don kada a gan shi. Muka bi ta bayan gari, kowa ya gan shi. Duk hanya yana ba da umarni, a bi dama, a kula da saiwa, ana girgiza masa iri. Selin ta ce idan ya ƙara magana za ta saki igiyar, ya gangara har Lenakel ba kuɗin mota.

A bakin danga Selin ta tsaya, ta miƙo mini gorar ruwa, ta daina wasa. Na buɗe ƙofar karan na tura baron ciki, amma ƙafata ta ƙi bi. Ni na sassabe wurin nan, ni na ɗaure dangar da hannuna, duk da haka sai na ji kamar zan shiga ɗakin da ba nawa ba. Kawu bai waiwayo ba, ya ce rana tana yi. Na shiga. Ƙasa ce dai, baƙa mai laushi, tokar da muka ƙona tana shiga tsakanin yatsun ƙafata.

Kwanakin da suka biyo baya ba zan ce na ji daɗinsu ba. Hannuna da ya saba da fartanya ya yi bororo da dagi, ya fashe, ya sake yi. Kawu yana zaune cikin baro a inuwar danga, ba abin da na yi da ya gamshe shi. Ramin bai yi zurfi ba. Ƙasar ba ta murtsuku ba, akwai dunƙule, doya za ta ci karo da shi ta karkace. Tulin ya yi tsini da yawa, ruwa zai wanke shi. Na ce masa Nalau ma haka kake yi masa? Ya ce Nalau ya fi ni shan faɗa, don shi yana da ƙarfi amma ba ya ji. Shi kuma yana zaune yana yanke ruɓaɓɓen wuri daga jikin iri, ya shafa toka a yankan, ya kai kowanne kusa da bakinsa ya yi masa 'yar magana ƙasa-ƙasa kafin ya miƙo mini. Na tambayi abin da yake faɗa, ya ce baɗi zai koya mini, bana in koyi rami tukuna. Fiye da rabin irin ya riga ya lalace, abin da ya rage muka yi ta sawa ɗaya bayan ɗaya. Selin tana kawo mana dafaffen rogo ta miƙo ta saman danga, ta tsaya tana ba mu labarin gari.

Abu ɗaya na lura da shi. Duk garin nan ana kirana da sabon sunan, wasu da wasa, dattawa da gaske, amma shi wanda ya ba ni bai taɓa furta shi ba. Ke yarinya yake cewa, ko ya buga sanda a jikin baro.

Ranar da muka zo ƙarshe, hadari ya fara taruwa ta wajen teku, dutsenmu mai aman wuta yana ta gurnaninsa can nesa. Na gama tuli na ƙarshe, na buɗe masa baki a sama, na zo karɓar iri. Kwandon babu komai, sai guda ɗaya a cinyar Kawu, naɗe da ganyen ayaba. Ya warware. Shi ne mafi girma a cikinsu, jan kansa ya fito sosai, tsironsa ya kai tsawon hannuna. Na miƙa hannu, bai ba ni ba.

"Wannan na Nalau ne," ya ce. "Tun yana ɗan ƙarami shi ke sa na ƙarshe. Na ce ko zai fasa inabin ya zo."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa kullum yake juya baron yana fuskantar hanya. Zuciyata ta karye. Na ce to mu ajiye masa, mu mayar da shi raga, wa ya sani ko ya zo kafin ya lalace. Na san ƙarya nake yi, shi ma ya sani. Ya juya doyar ya danna gindinta da babban yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya daɗe yana kallonta. Na matsa gefe na ba shi wuri, na tsaya ina kallon teku can ƙasa, ina sauraren iska a cikin kara. Na ji shi yana yi mata maganarsa, ta fi ta sauran tsawo.

"Soarum."

Ban waiwayo ba, don ban ɗauka da ni ake ba. Muryar ba ta faɗa ba ce, ba kuma wadda na sani ba ce, ta yi ƙasa. Ya sake kira. Na juyo na gan shi ya miƙo doyar da hannu biyu, idanunsa sun cika. Tun kafin a haife ni rabon da ya kira sunan nan yana sa ran a amsa.

"Na'am, Yaya," na ce.

Na karɓa da hannu biyu, na durƙusa a gindin tulin, na kwantar da ita yadda ya koya mini, tsiron yana kallon sama. Na fara mayar da ƙasa a hankali, ɗigon ruwa na farko yana sauka a bayan wuyana. Ya juya fuskarsa wajen danga, ya share ta da gefen riga.

"Kada ka danne da ƙarfi," ya ce. "Kullum sai na faɗa maka."